Wa Zai Biya Talaka In Wayarsa Ta Salwanta?

Jama'a, akwai wata sabuwar haja da ta shigo kasuwa, ana tallarta a manyan shagunan waya na Ikko da Abuja da Kano, ana kuma aiko da labarinta cikin wayoyin mutane, watau inshorar wayar hannu. Abin da aka ce shi ne, ka riƙa ba da 'yan kuɗi kaɗan a wata ko a shekara, in wayarka ta faɗi ta fashe, ko ta faɗa ruwa, ko aka sace ta, kamfani ya gyara maka ko ya ba ka wata. Magana ce mai daɗin ji. To, da yake talla ba ta san shinge ba, in ba ta riga ta isa Anka da Gummi da Bukkuyum ba, lalle tana bisa hanya. Saboda haka muka ga wajibi ne mu yi wa mutanenmu na can bayani tun ba a karɓe musu kuɗi ba, mu kuma tuna wa mahukunta abin da ke wuyansu.

Kada wani ya ce waya ƙaramin abu ce, ba ta isa a ɓata tawada a kanta ba. Tun 2001 da aka fara wayar salula a Nijeriya, abin da ya fara kamar ado na masu hali ya zama jarin talaka. Da ita manomi ke jin farashin gero kafin ya ɗora buhu a mota. Da ita ɗan acaba ke samun fasinja. A farkon 2023, sa'ad da aka canza takardun Naira kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, wanda ba shi da wayar tura kuɗi ya ga tasku. A ƙasar Zamfara ta yamma kuwa aikinta ya wuce nan, domin da ita mutumin wani ƙauye ke gaya wa na gaba cewa an ga ɓarayin daji sun doso. Duk wanda ya zauna Zamfara a watan Satumba na 1921 bai san wannan ba, amma wanda ya zauna a Satumba na 2021 ya sani sarai, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta rufe layukan jihar baki ɗaya bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, har mutane suka riƙa biyan kuɗin mota su ƙetara wata jiha don su gai da nasu. Ga kuma tsada. Dala da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 a watan Mayu na 2023 ta haura Naira 1,500 a 2024, waya kuwa daga Sin ake kawo ta. Wanda tasa ta salwanta yau ba lalle ba ne ya sake riƙe irinta bana.

Ashe ke nan bukatar inshora gaskiya ce. Abin da muke tambaya shi ne, wadda ake sayarwa, don wa aka rubuta ta?

Da farko a rarrabe tsakanin garanti da inshora, don masu shago da yawa sukan cuɗa su, wani da gangan, wani don shi ma bai sani ba. Sabuwar Tecno ko Itel ko Infinix takan zo da garanti na kamar shekara guda. Wannan alkawarin masu ƙira ne cewa in ta lalace don aibin da ta fito da shi, za su gyara. Ba ruwansu da sata, ba ruwansu da fashewar gilashi, ba ruwansu da ruwa. Inshora ita ce aka ce tana ɗaukar waɗannan, kuma takarda ce dabam, daga kamfani dabam, da kuɗinta dabam. In mai shago ya ce maka "tana da inshora" bai miƙo maka takarda mai sunan kamfani da lamba ba, to, iska ka saya.

In takardar ta zo, sai a juya bayanta, inda ƙananan rubutu suke, da Turancin lauyoyi wanda ko ɗan boko sai ya yi gumi. A nan ne ake jera abubuwan da kamfani ba zai biya ba, kuma a nan ne mutumin Anka zai gane ba da shi ake ba. Kusan kowace takarda tana son rasit na saye mai ɗauke da lambar jikin wayar. Yawancinsu sabuwar waya kaɗai suke karɓa, wadda ba ta daɗe da fita daga kwali ba. Mutanenmu kuwa da yawa tsohuwa suke saye, wadda ta bi hannu biyu ko uku daga kasuwar Farm Centre ta Kano ko Bebeji ta Gusau, rasit ɗinta ya ɓace tun a hannun farko. An fid da su ke nan tun ba a fara ba. Wanda ya tsallake wannan sai ya tarar da sharaɗin cewa in an yi sata ya kawo takardar 'yan sanda cikin kwana biyu ko uku. Mutumin da ke wani ƙauye bayan Bagega, ko can wajen Gwashi, wanda fitowarsa bakin titi kasada ce ta rai, ta ƙaƙa zai cika wannan? Sa'an nan akwai kason da aka ce mai waya shi zai ɗauka a kowace asara, da ragin da ake yi don wayar ta tsufa, har in an gama lissafi abin da zai shigo hannunsa ba zai sayi rabin irinta ba.

Amma duk waɗannan ƙanana ne in an gwada su da wanda za mu faɗa yanzu, muna kuma roƙon masu karatu su lura da kyau. Al'adar kamfanonin inshora ce a duniya duka su rubuta cewa ba su biyan asarar da ta auku saboda yaƙi, ko tarzoma, ko ta'addanci, sai an yi wata yarjejeniya ta musamman mai tsada. To, a watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta yanke cewa ƙungiyoyin 'yan bindiga 'yan ta'adda ne, a watan Janairu na 2022 kuma Gwamnatin Tarayya ta fito da wannan hukunci cikin jaridarta ta dokoki. A cikin wannan watan ne aka far wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum da kisan da har yanzu ba a manta ba. Ba mu ce kotu ta yi kuskure ba, suna ne da ya dace da su. Sai dai a duba abin da ya biyo baya. In aka tare mota tsakanin Mayanci da Anka, ko tsakanin Anka da Daki Takwas, aka ƙwace wayoyin fasinja, wannan sata ce da kamfani zai biya, ko ta'addanci ne da ya riga ya wanke hannunsa? Mai takarda zai ce sata, lauyan kamfani kuwa yana da hukuncin kotu da zai ɗaga. Wa kuke tsammani zai yi rinjaye? Hanyar da waya ta fi salwanta a wannan yanki ita ce ainihin wadda aka bar wa kamfani ƙofar zillewa a kanta. An sayar maka da laima, aka ce amma ban da ranar ruwa.

Maganar ruwa ma, mutanen Gummi da ambaliya ta cinye wa gidaje a watan Agusta na 2024 su tambaya tun da wuri ko "faɗawa ruwa" da aka rubuta ta haɗa da ambaliya, don a takardu da yawa abubuwa biyu ne. A kuma sani inshorar waya jikin waya kaɗai ta sani. Kuɗin da ɓarawo ya kwashe daga asusunka ta hanyar layinka ba su cikinta, don haka ran da waya ta ɓace, rufe layi da asusun banki shi ne farko, kafin a tuna da wani kamfani.

Akwai hukumar da aka kafa a 1997 don ta sa ido a kan wannan sana'a, watau Hukumar Inshora ta Ƙasa, wadda ake kira NAICOM, hedkwatarta tana Abuja. Ita ke ba da lasisi, tana kuma da jerin sunayen kamfanonin da ta yarda da su, wanda kowa ke iya dubawa a intanet. Duk sunan da ba ya cikin jerin, a guje shi, komi kyan rigar mai tallarsa. A 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora wadda ta maye gurbin ta 2003, ta ɗaga jarin da kamfanin inshorar dukiya zai mallaka zuwa Naira biliyan 15. Madalla. Kamfani mai jari ya fi marar jari. Amma jari a Ikko ba ya gyara waya a Nasarawar Burkullu. Tun 2013 hukumar nan ta fid da ƙa'idojin ƙaramar inshora don talakawa, ta sake su a 2018, ta ce a rubuta takardu da magana mai sauƙi, a biya da hanzari. Shekaru sun shuɗe, har yanzu abin da Nijeriya ke zubawa a inshora bai kai kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara ba. Manya sukan ce wai talaka ne jahili, ba ya son inshora. Mu kuwa mun ce wanda aka ƙi biyan maƙwabcinsa a gabansa, in ya riƙe kuɗinsa ba jahilci ya yi ba.

Wasu za su ce mana ai su malamansu sun hana, don akwai riba da caca a ciki. Wannan ma an daɗe da samo masa mafita. Tun 1979 aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan, a kan tsarin da ake kira takaful, watau jama'a su tara gudummawa a asusu guda, wanda asara ta same shi a ɗebo a ba shi, abin da ya yi saura a ƙarshen shekara a raba wa masu asusu. A nan Nijeriya an ba kamfanonin Noor da Jaiz lasisin yin wannan a 2016. Jihar da ta riga kowace jiha shelar Shari'a a 1999, ai kamata ya yi a ce gwamnatocinta sun daɗe da janyo irin waɗannan kamfanoni har ƙananan hukumomi. Duk da haka, kalmar takaful ba laya ba ce. Ita ma takardarta a juya bayanta a karanta.

Mutanenmu kuwa sun san adashi tun kaka da kakanni. A ce 'yan acaba 50 na tasha guda su riƙa zuba Naira 500 kowane wata, a shekara sun tara Naira 300,000, wanda zai maye waya uku ta Naira 100,000. Ba mai tambayarsu rasit, don kowa ya san wayar kowa, ba kuma mai iya ƙaryar sata a gaban abokan aikinsa. Rauninsa ɗaya ne, amma babba. Ran da ruwa ko ɓarayi suka faɗa wa gari gaba ɗaya, mutum 20 za su zo a yini guda, asusu ya ƙare. Nan ne ake bukatar babban kamfani ya tsaya a bayan ƙaramin asusu, kuma wannan haɗin aikin gwamnati ne ta ƙulla shi.

Don haka muna kira ga NAICOM ta tilasta wa duk kamfanin da zai sayar da inshorar waya a ƙasar Hausa ya buga takardarsa da Hausa, boko da ajami, ya kuma rubuta a fuskar farko, da manyan baƙaƙe, ko yana biyan wayar da 'yan bindiga suka ƙwace ko ba ya biya. I ko a'a, ba kwana-kwana. A yarda da shaidar hakimi ko dagaci a inda ba ofishin 'yan sanda kusa. Kowane kamfani ya faɗi inda wakilinsa ke zaune a cikin jihar, wanda za a je a same shi ido da ido, ba lambar da za a buga a ji kiɗa ba. 'Yan majalisar da Anka da Gummi da Bukkuyum suka aika Gusau da Abuja, muna jiran mu ji wane ne cikinsu zai fara miƙewa da wannan magana, in kuwa ya aiko da amsa za mu buga ta yadda take.

Kafin nan, mai waya ya danna *#06#, lambar jikinta mai alƙalami 15 za ta fito, ya rubuta ta a takarda ya ajiye tare da rasit, a wurin da ba cikin wayar ba. Wanda kuma ya riga ya biya inshora, aka yi masa asara, ya kai kuka aka juya shi, ya rubuto mana da ranar da ya biya, da ranar da ya kai kuka, da amsar da aka ba shi.