Makarantar firamare mai iyayen gida uku: Abin da yajin aikin malaman Abuja ya tona

Daga ranar 24 ga Maris zuwa farkon watan Yulin 2025, makarantun firamare na gwamnati a Babban Birnin Tarayya sun kasance a garƙame. Fiye da wata uku ke nan yaran talakawa na zaune a gida, ko suna yawon talla a bakin tasha, yayin da takwarorinsu na makarantun kuɗi suka kammala zangon karatu suka shiga wani. Malaman, a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta NUT, suna neman a fara biyan su mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yulin 2024, tare da bashin da ya taru a baya. Waɗanda ake bi bashin kuwa su ne ƙananan hukumomi shida na birnin: AMAC da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji.

Yadda rikicin ya lafa ya fi yadda ya fara ɗaukar hankali. Sai da Ministan Abuja, Nyesom Wike, ya sa baki, aka amince a riƙe kashi 10 na kuɗin shigar cikin gida da ake bai wa ƙananan hukumomin domin rage bashin malaman. Wato dai maganin da ya yi aiki shi ne a tare kuɗin daga sama kafin ya isa hannun ciyaman. Wannan ya faru ne shekara guda cur bayan da Kotun Ƙoli, a ranar 11 ga Yulin 2024, ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye, ba tare da ya bi ta hannun gwamnoni ba.

Domin a gane dalilin wannan tufka da warwara, sai an leƙa wani ƙaramin ofishi da ke kowace ƙaramar hukuma, wanda mutane suka saba kira ofishin LEA, a takarda kuma LGEA, wato hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma. Shugabansa shi ne Sakataren Ilimi. Shi ne ke riƙe da sunayen malamai, shi ke tura masu duba makarantu, shi ke karɓar ƙorafin hedimasta idan iska ta kwashe kwanon aji, kuma ofishinsa ne ke haɗa takardar albashi ta wata. Duk iyayen da suka rasa wurin kai kuka, nan suke nufa. Sai dai idan aka auna ikon ofishin da nauyin da aka ɗora masa, za a tarar ɗan aike ne ga iyayen gida uku.

Na farko ita ce ƙaramar hukuma, wadda daga kasonta ake fitar da albashin malaman firamare. Na biyu ita ce hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, wadda a yawancin jihohi ke da ta cewa a kan ɗaukar malamai masu babban mataki da ƙarin girma da horo, kuma ita ke bayar da kwangilar gine-gine. Na uku ita ce UBEC a Abuja, wadda dokar 2004 ta ware mata kashi 2 cikin 100 na babban asusun gwamnatin tarayya, take kuma bai wa jihohi tallafi bisa sharaɗin sai jiha ta ajiye daidai abin da za a ba ta. Jihar da ba ta ajiye nata rabin ba, kuɗinta na nan kwance a Abuja, ko da yaranta a ƙasa suke zama. Shi kansa Sakataren Ilimi, a jihohi da dama, daga fadar gwamnati sunansa ke fitowa, don haka ya san inda zai fi kai gaisuwa.

Sakamakon wannan rabo shi ne mai biya ba ya ɗauka, mai ɗauka ba ya biya, mai gini kuma ba ya kwana a garin da ya yi ginin. Abin da ya faru a Kaduna a 2017 ya isa misali. Gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 sun faɗi, ta kuma sallame su. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko ya soke shi, abu ɗaya a fili yake: shawarar daga gidan gwamnati ta fito, alhali albashin mutanen daga kason ƙananan hukumomi yake fita. Kuma babu wanda aka tsayar a bainar jama'a ya amsa tambayar yadda aka yi suka samu aikin tun farko, domin tsarin bai bar wa kowa alhakin shi kaɗai ba.

Kundin tsarin mulki na 1999 bai taimaka ba. A Jadawali na Huɗu ya ce ƙananan hukumomi za su shiga a dama da su wajen samar da ilimin firamare da kula da shi, bai ce nasu ne su kaɗai ba. Wannan ƙofa da aka bari a buɗe ita ce kowane ɓangare ke bi ya fice idan ranar biya ta zo, ya kuma dawo ta cikinta idan ranar rabon gurabun aiki ce.

Tsoron da malamai ke yi wa ciyamomi ba daga sama ya faɗo ba. Bayan shirin ilimin firamare kyauta na UPE da aka ƙaddamar a 1976, ɗalibai sun ninka, kuɗi kuma ya gaza, har albashi ya koma sai an ga dama. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, NPEC, albashi ya ɗan daidaita. A 1991 aka rushe ta aka miƙa ragamar ga ƙananan hukumomi, nan take aka koma gidan jiya: watanni ba albashi, yajin aiki a ko'ina. A 1993 sai da aka dawo da hukumar, aka koma cire albashin malamai tun daga tushe. Daga baya ciyamomi suka fara nasu kukan, cewa bayan an cire kuɗin malamai wasunsu ba sa tashi da ko sisi. Malaman da suka ga wancan zamani suna nan da ransu, wasu ma su ne shugabannin ƙungiya a yau. Shi ya sa duk lokacin da aka taso da batun 'yancin ƙananan hukumomi, NUT ke cewa a ba su 'yancinsu, amma a cire albashin malaman firamare daga ciki.

Masu goyon bayan hukuncin Kotun Ƙoli na da hujja mai ƙarfi. Asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na kundin ya tanada, ya daɗe da zama rijiyar da gwamnoni ke ɗiba ba tare da guga ya dawo ba, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya mayar da sakatariyoyi da yawa kufai. Hujjarsu ita ce idan ciyaman zaɓaɓɓe ne, kuɗi kuma na hannunsa, jama'a za su san ƙofar da za su buga. To amma Abuja ta gwada wannan hasashe gwargwadon hali. A nan babu gwamna, kuma INEC ce ke gudanar da zaɓen ciyamomin, ba hukumar zaɓe ta jiha ba. Duk da haka makarantu sun yi wata uku a rufe. Zaɓe ya samar da wanda za a zarga, bai samar da dokar da za ta hana shi fifita wata hidimar a kan albashin malami ba.

Akwai ƙasashen da suka warware wannan ƙulli ta wata hanya. A Amurka, alal misali, akwai gundumomin makarantu kusan 13,000, kuma galibinsu hukumomi ne masu cin gashin kansu, daban da majalisar gari. Wasu ƙanana ne ƙwarai, makarantar firamare ɗaya ko biyu kawai suke da ita. Mazauna yankin ne ke zaɓen 'yan kwamitin gudanarwa, kwamitin ya ɗauki shugaban gunduma aiki, ya amince da kasafi a zaman da kowa ke iya halarta, wani kaso mai tsoka na kuɗin kuma daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. Tsarin na da nasa aibin, domin unguwar masu kuɗi ta fi tara haraji, makarantarta kuma ta fi kyau. Kuma ba abin da za a kwafo ba ne a ƙasar da yawancin ƙananan hukumominta da kason Abuja suke numfashi. Abin lura a ciki shi ne kuɗin makaranta da ikon ɗaukar malami da alhakin sakamako duk a tebur ɗaya suke, kuma kuɗin ba ya gogayya da kuɗin motar ciyaman.

Abin da ya fi kusa da haka a Najeriya shi ne kwamitin kula da makaranta na al'umma, SBMC, da aka ɓullo da shi a tsakiyar shekarun 2000, inda ake zaunar da mai unguwa da limami da iyaye mata da tsofaffin ɗalibai. Inda aka dace da mutanen kirki, sun gyara rijiya, sun sayi alli, sun bi gida-gida sun dawo da yara aji. Amma ba su da ikon ganin takardar albashi, balle su tambayi dalilin da ya sa sunaye goma sha biyu ke jikinta alhali mutum bakwai ke zuwa aiki. An bar musu tara gudunmawa, an riƙe lissafi.

Wannan ne ya sa muhawarar ko ta hannun gwamna kuɗin zai bi ko ta hannun ciyaman ta yi wa matsalar kaɗan. Abin da ya kamata majalisun dokoki su mayar da hankali a kai shi ne killace albashin malaman firamare ta hanyar doka, a fitar da shi farko kafin kowace hidima, ya tafi asusun malami ba tare da ya ya da zango ba. Hakan ba zai yi amfani ba matuƙar takardar albashin kanta a kulle take a durowa, domin killace kuɗi ga malaman bogi ƙarin gata ne ga ɓarayi. Manna sunayen malaman kowace makaranta a ƙofar ofishin hedimasta ba ya buƙatar gyaran kundin tsarin mulki. Haka ma bayyana wa'adi da cancantar wanda za a naɗa Sakataren Ilimi, da kuma fayyace wanda zai iya cire shi.

Ga ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwar birni da suka daɗe da kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi, maganar na iya zama kamar ta wasu ce. Amma kuɗin makarantar da suke biya kowane zango haraji ne na biyu a kan hidimar da dokar 2004 ta ce kyauta ce kuma dole, kuma yaron shago da direba da mai gadin da za su ɗauka gobe daga waɗancan azuzuwa za su fito. Asusun UNICEF ya daɗe yana ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 10.5 'yan shekara 5 zuwa 14 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Yunin 2024, kuma duk abin da aka shelanta a wajen taron, ta ofisoshin LEA 44 zai bi kafin ya isa aji.