Bakwaini a Arewa: ceton rai rabin aiki ne, sauran yana bayan sallama

A watan Agustan 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin ganin likita da na aikin asibiti da kashi 50 cikin 100 a cibiyoyin lafiya na gwamnati, ta kuma mayar da haihuwa kyauta daga ranar 1 ga Satumba na wannan shekara. Matakin ya zo ne a kan wani tsohon tsari, domin tun 2006 ake duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, haka ma awon ciki da tiyatar haihuwa. Manufar a fili take: mata su riƙa haihuwa a likita, jarirai su daina mutuwa a ɗaka. Sai dai akwai jaririn da waɗannan matakai ba su isar masa ba, wato bakwaini. Shi nasa lamarin ba ya ƙarewa ranar da aka sallami uwarsa. Abin da zai zama, ko zai gani, ko zai ji, ko zai iya karatu, yana rataye ne da abin da aka yi masa a shekara biyun farko. A gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, wannan lokaci yana wucewa ne a gida, nesa da idon likita.

Wane ne bakwaini?

Kalmar ta samo asali daga bakwai, shi ya sa da an ambace ta sai hankali ya tafi ga jaririn da aka haifa da wata bakwai. A wajen Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ma'anar ta fi haka faɗi: duk jaririn da ya zo kafin ciki ya cika sati 37 bakwaini ne. Rahoton da OMS da UNICEF da abokan aikinsu suka fitar a watan Mayun 2023 ya ƙiyasta cewa jarirai miliyan 13 da dubu 400 aka haifa haka a shekarar 2020, wato kusan ɗaya cikin kowane goma. Kusan kashi biyu cikin uku nasu a Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya suke. A 2019 kimanin yara dubu 900 suka mutu sanadiyyar matsalolin haihuwa kafin lokaci, abin da ya sa ta zama kan gaba wajen kashe ƴan ƙasa da shekara 5 a duniya.

Akwai wani adadi da ya fi shafar mu. Kashi 15 cikin 100 ne kacal na bakwaini ake haifa kafin sati 32. Sauran duk tsakanin sati 32 da 37 suke zuwa, kuma mafi yawansu ba sa bukatar manyan na'urori, ɗumi da nono da tsabta da sa ido sun isa. Su ne kuma waɗanda ake yawan kasa ganewa. Mace ta haihu a sati 35, dangi su ce ɗan ƙarami ne kawai, ya biyo uwarsa. Dalilin kuskuren sananne ne: mata da yawa ba sa fara zuwa awo sai ciki ya tsufa, mai cikin fari kuma kunya kan sa ta ɓoye shi watanni. In ba a yi eko da wuri ba, lissafin satin ciki ya zama hasashe. Jaririn da ba a san bakwaini ne ba, babu wanda zai bi shi da kulawar bakwaini.

Me ke biyo baya?

Yawancin bakwainin da suka rayu suna girma lafiya lau, su yi karatu, su yi noma, su yi aure. Amma haɗarin da ke kansu ya fi na sauran yara, kuma yana ƙaruwa gwargwadon saurin zuwansu. Ƙwaƙwalwa tana yin babban girmanta ne a watanni ukun ƙarshe na ciki. Idan jariri ya yi waɗannan watanni a waje, sanyi ko ƙarancin sukari a jini ko ƙarancin iska ko wata cuta na iya barin tabo. Daga nan ne ake samun sanƙarewa ko shanyewar gaɓoɓi, jinkirin magana, farfaɗiya, da wahalar ɗaukar karatu.

Shawara, wato jikin jariri da idonsa su yi rawaya, ta fi kama bakwaini. In an gano ta da wuri, kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila ta musamman a asibiti yana maganinta. In aka bari ta yi tsanani, tana taɓa ƙwaƙwalwa ta bar kurumta ko naƙasa ta har abada. Ido ma yana da nasa haɗarin. Jijiyoyin bayan ido na ƙananan bakwaini ba su gama tsiro ba, kuma iskar oksijin da ke ceton rai, in an ba da ita ba bisa awo ba, tana iya ɓata su. Mawaƙin Amurka Stevie Wonder, wanda aka haifa bakwaini a 1950, ta wannan hanya ya makance. Yau ana iya hana wannan makanta, da sharaɗin ƙwararre ya duba idon a wajen wata ɗaya da haihuwa. Can gaba kuma, bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa waɗanda aka haifa kafin lokaci sun fi fuskantar hawan jini da ciwon sukari da ciwon ƙoda bayan sun girma.

A nan Nijar akwai ƙarin nauyi, wato tamowa. Kusan rabin yaran ƙasar ƴan ƙasa da shekara 5 ba su kai tsayin shekarunsu ba saboda rashin isasshen abinci mai gina jiki. Bakwaini yana shiga wannan fage da rashi tun daga farko: jikinsa bai tara ƙarfen jini ba, ba shi da kitse, garkuwarsa ba ta yi ƙwari ba. Gudawa ɗaya ko masassara ɗaya a damina kan mayar da shi baya fiye da sa'o'insa.

Hanyar Dosso da matsalar kwalba

Matar da naƙuda ta kama kafin lokaci a Dogon Kiriya ko Sukukutan ko Gecheme, matakinta na farko CSI ne, daga nan asibitin gunduma. In abin ya fi ƙarfinsu, sai Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ta Dosso, kusan kilomita 140 daga Dogon Dutsi, ko kuma maternite Issaka Gazobi a Yamai, wata tafiyar kamar wannan a gaba. Jaririn da bai kai kilo biyu ba yana rasa ɗumin jikinsa cikin ƴan mintoci. A lokacin ɗari, cikin Disamba da Janairu, tafiyar dare a kan babur ko a bayan mota kaɗai ta isa ta yi masa illa kafin a iso.

Da an yi zancen bakwaini, abin da jama'a ke fara nema shi ne kwalba. Babu mai musun amfaninta ga mafi ƙanƙanta da marasa lafiya. Amma kwalba tana son wutar lantarki marar yankewa, da mai gyara, da ma'aikaciya a kanta dare da rana. Mutanen jahar Dosso ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turo wa Nijar. Tsarin da ya dogara ga kwalba kaɗai yana tsayawa ne a ranar da wuta ta tsaya.

Irin wannan ƙarancin ne ya sa Dakta Edgar Rey, a Bogota ta ƙasar Kolombiya, ya fara a 1978 abin da ake kira goyon kangaru: a ɗora jariri tsirara, da hula da banten tsumma, a ƙirjin uwarsa fata da fata, a ɗaure da zane, yana shan nononta. Wani gwaji da aka yi a asibitocin Gana, Indiya, Malawi, Najeriya da Tanzaniya, aka wallafa a 2021, ya nuna cewa fara wannan goyo nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar jariran da ke tsakanin kilo 1 da kilo 1,8 da kashi 25 cikin 100. A watan Nuwamban 2022 OMS ta mayar da shi ƙa'ida, tare da shawarar a yi shi awa 8 zuwa 24 a yini. Amfanin kuma bai tsaya ga ceton rai ba. Likitar yara Nathalie Charpak da abokan aikinta sun koma kan yaran Bogota bayan shekara 20, sakamakon ya fito a 2017: waɗanda aka yi wa goyon ƙirji sun fi ƙarancin fashin makaranta da rashin natsuwa da saurin faɗa.

Abin da gida zai iya, da abin da ya kamata ya jinkirta

Goyon ƙirji ba ya cin kuɗi, amma yana cin lokaci, lokaci kuwa shi ne abin da matar karkara ba ta da shi. Hutun haihuwa na sati 14 da doka ta tanada na ma'aikatan albashi ne. Mai daka da ɗiban ruwa da aikin gonar wake, mijinta kuma ya tafi bida Najeriya ko bakin teku, ba za ta zauna awa 8 da jariri a ƙirji ba sai wani ya ɗauke mata aiki. A nan al'adarmu tana da abin bayarwa. Kwana arba'in na jego, musamman ga mai haihuwar fari da ke komawa gidan iyayenta, hutu ne da dangi suka riga suka yarda da shi. Kaka da ƙanwar uwa da uban yaron duk suna iya karɓar goyon su ba ta sarari. Abin da ya rage shi ne a gaya musu cewa wannan goyon magani ne.

Wasu al'adun kuma sai an yi haƙuri da su. Wankan jariri da zarar ya faɗo yana sanyaya shi. OMS ta ce a jira aƙalla awa 24, ga bakwaini ma fiye da haka. Zubar da dakashi, nonon farko, asara ce babba, don shi ne rigakafinsa na farko. Ruwa da bauri kafin wata shida ƙofar gudawa ce. Ranar suna kuwa, jaririn da ke wucewa daga hannu zuwa hannu yana kwasar tari da mura, askar wanzami wajen cire beli kuma tana iya jawo zubar jini da cuta ga jikin da jininsa bai taka kara ya karya ba. Ana iya raɗa suna ba tare da an fito da yaro cikin taro ba. Limamai da wanzamai da ungozomomi ne ke da bakin da za a ji a kan wannan, don haka da su ya kamata a fara magana.

Layi ɗaya a cikin karne

Babban giɓin yana bayan sallama. Tsarin kyauta yana biyan kuɗin magani idan yaro ya zo ba shi da lafiya. Jinkirin zama ko rashin juyowa in an kira suna ba ciwo ne da ke sa uwa ta biya kuɗin mota ba. Sau da yawa sai yaro ya shiga aji na farko a makarantar boko, malam ya ce ba ya ganewa, alhali allon ne ba ya gani ko muryar ce ba ya ji. A lokacin an yi asarar shekara shida ko bakwai. Ƙwararrun likitocin yara da na ido da masu gashin ƙashi sun fi yawa a Yamai, can ne kuma makarantar makafi ta Soly Abdourahamane da ta kurame ta Hassane Bana Ba suke. Ɗan Matankari ko Kore Mai Ruwa ba ya isa can sai wani ya gano matsalarsa ya tura shi.

Duk da haka akwai wurin da uwa da ma'aikacin lafiya ke haɗuwa a kai a kai: ranakun allurar rigakafi da awon yara, da rabon maganin kariya daga masassara da ake yi gida gida a damina. Da za a rubuta a shafin farko na karnen yaro cewa an haife shi a sati kaza da nauyi kaza, duk wanda ya buɗe karnen zai san abin da zai duba. Zai yi lissafi da shekarun gyara: yaron da ya zo da saura wata biyu, in ya kai wata takwas, a auna shi da ɗan wata shida, haka har ya cika shekara biyu. Wannan yana kwantar da hankalin uwa, yana kuma nuna lokacin da ya dace a damu: wata tara na gyara bai zauna ba, wata 18 bai taka ba, ido ba ya bin haske, ƙara ba ta firgita shi, ko hannu ɗaya kullum a dunƙule. Allurar rigakafi kuwa ba ta bin wannan lissafi, ana yin ta ne daga ranar haihuwa kamar kowane yaro. Ƙarin maganin ƙarfen jini da OMS ta ba da shawara ga bakwaini masu shan nono shi ma a nan za a tuna da shi.

Rage yawan bakwainin ma yana yiwuwa. A Nijar kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin shekara 18, cikin ƙuruciya kuma yana daga cikin abubuwan da ke kawo haihuwa kafin lokaci, tare da kunika, masassarar cizon sauro, hawan jini, ƙarancin jini da aiki mai nauyi cikin zafin bazara. Awo da wuri, kwana cikin sange, shan maganin kariya daga masassara aƙalla sau uku, da tazara tsakanin haihuwa, duk suna cikin abin da CSI ke bayarwa. Allurar dexamethasone da ake yi wa uwa in naƙuda ta taso da wuri, don huhun jariri ya nuna, gwajin OMS na 2020 ya tabbatar tana rage mutuwa, amma sai a asibitin da zai iya tantance satin ciki ya kuma kula da jaririn.

Abin da ke gaban shugabannin lafiya na Dogon Dutsi da Tibiri, da magadan gari, ba ya jiran babban gini. Ɗaki mai gadaje inda uwa za ta kwana da ɗanta a ƙirji, sikelin jarirai a kowane CSI, rajistar bakwaini da wakilan lafiya na ƙauye za su riƙa bi, da ranar da likitan ido zai riƙa zuwa daga Dosso ko Yamai. Ga iyaye kuma, duk wanda ke da bakwaini a gida, ya nemi a rubuta satin haihuwarsa a karne, ya riƙa tuna wa ma'aikaci a kowane awo har yaron ya shiga makaranta.