Kafin Ka Miƙa wa Mai Aski Kanka

Duk lokacin da aka dawo daga hutu, gardamar farko da ake yi a bakin ƙofar makaranta ita ce ta suma. Malami ya ce a koma a rage, ɗalibi ya ce ai jiya-jiyan nan aka yi masa. A gida ma haka ne. Baba na son tal-kwabo, yaro na son saisaye da gyaran fuska. Ni dai a ganina, 'yan'uwana ɗalibai, mun bar jaki muna dukan taiki. Irin askin da ke kanka ba zai kwantar da kai asibiti ba, amma ƙarfen da aka yi maka askin da shi yana iyawa.

Yayin aski ba yau ya fara ba a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun bar zanko, sun bar tukku, kuma wanzami ne ya yi musu. Bambancin kawai shi ne samarin yanzu daga talabijin da wayar hannu suke ɗauko nasu. A 2002 an kwaikwayi ɗan guntun gashin da Ronaldo na Brazil ya bari a gaban goshi. A 2012 sai ga askin Balotelli, wanda in ka duba da kyau zanko ne ya je Turai ya dawo. Malaman Musulunci suna da hujjarsu ta hana aske wani sashe na kai a bar wani, har jami'an Hisba a Kano sun sha yi wa samari askin dole. Makaranta ma tana da dokarta, kuma bin ta wajibi ne. Amma duk wannan magana ce ta gashi, shi kuwa gashi mako biyu ya tsiro.

Ku bi hanya daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada, ku ratsa dajin Falgore har Doguwa, ko ku juya ta Tiga da Bebeji. Da wuya ku wuce tasha ko kasuwa ba ku ga shagon aski ba: madubi, kujera, hotunan kawuna a bango, da ɗan janareto yana kuka a waje. Sana'a ce ta halal, ta raba samari da yawa da zaman banza, kuma ban zo in kushe ta ba. Sai dai ku je daren Sallah ko jajiberin Kirsimeti ku ƙirga kawunan da kilifa ɗaya ke bi kafin a rufe shago. Tsakanin wannan kai da wancan me ake yi mata? Wani ya hure ta da baki. Wani ya ɗiga fetur ko kalanzir. Wani ya kyasta leta ya ɗan gifta wutar a bakinta, mu kuwa sai hankalinmu ya kwanta don mun ga harshen wuta.

Fetur da kalanzir ba maganin ƙwayoyin cuta ba ne, wutar da aka gifta a cikin ƙiftawar ido kuma ba a dogara da ita. Makero, wanda ke cin kan yara ya bar fari-fari, ta kilifa da burushi da mataji yake yawo. Wannan ma mai sauƙi ne, domin ana ganinsa. Wanda ba a gani shi ne ciwon hanta nau'in B. Ƙwayar wannan cuta tana iya rayuwa kwana 7 ko fiye a cikin busasshen jini a jikin ƙarfe, jinin da ido ba zai ma gani ba. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna cewa kimanin mutum 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 a Nijeriya suna ɗauke da ita. Yawancinsu lafiya lau suke yawo, sai bayan shekaru hanta ta lalace. Mun fi jin tsoron ƙanjamau, alhali ƙwayar ciwon hanta ta fi ta saurin kama mutum ta jini nesa ba kusa ba.

Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. To a nan ne ma haɗarin ya fi yawa, wurin da ake sa reza a fitar da layin goshi da gefen kunne. Ɗan ƙaiƙayin da kake ji in an shafa sifirit, alama ce fata ta buɗe.

Wasu ɗalibai suna yi wa wanzami kallon ɗan ƙauye, suna ganin shago ne wurin wayewa. Wannan kuskure ne. Wanzami ne ya aske yawancinmu ranar suna, kuma a garuruwanmu har gobe akwai Sarkin Aska da ake jin maganarsa. Wanzamin da ya ciro sabuwar reza daga zabira ya ɓare ta a gabanka ya fi shago mai fanka da kiɗa wanda ba a wanke kilifarsa ba tun safe. Haka kuma wanda ya yi wa mutum biyar aski da aska ɗaya, gadon sana'a ba zai wanke shi ba.

Na san za a ce tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin aski ya hau, mai shago kuma yana lissafin kowace kwalbar sifirit. Amma reza nawa take? Ka sayi taka a hanya. Ka ce a karkaɗe gashin da ke bakin kilifa, a jiƙa shi da sifirit, a ba shi 'yan mintoci. In mai aski ya ɓata rai, ka tuna wanzami ba ya son jarfa: tambaye shi da me ake aske nasa kan. Gidan da ke da samari uku ko huɗu, su haɗa kuɗi su sayi kilifa mai caji, kowa ya riƙa tafiya da ita shago.

Tun 2004 aka sa allurar ciwon hanta cikin rigakafin jarirai a ƙasar nan, amma yaran da aka haifa a gida da yawa ba su samu ba. In kun koma hutu, ku tambayi Inna ko katin rigakafinku yana nan. In babu, a je asibiti a gwada jini, sannan a karɓi allurar, sau uku ake yinta.