Wa ya ce kaboyi sai Bature?

Shiga gidan kallo a Gazawa ko Agiye ka ce "kaboyi", yara za su kwatanta maka Bature bisa doki. Kalmar daga Ingilishi muka aro ta, amma har da launin fata aka haɗa mana, mu kuma muka karɓa ba gardama.

To ku ji. A 1921 Richard Norman (shi kansa Bature ne, kasuwa ya hango) ya ɗauki finafinan kaboyi biyu marasa magana a Oklahoma, The Bull-Dogger da The Crimson Skull, ƴan wasan baƙar fata, don baƙaƙen Amurka da ake ware wa kujeru a sinima. Tauraronsu Bill Pickett makiyayi ne na gaske, wanda ke dirowa daga doki ya ciji leɓen bijimi ya kayar da shi. Yau finafinan sun ɓata, sai ɗan guntun na farkon.

Mu ma muna da namu. A 1966 Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier nan Nijar: saurayi ya dawo da akwatin kayan kaboyi, abokansa suka saka, suka hana ƙauye sakat. Zalika Souley na ciki. Wane mai gidan kallo ne a Gidan Rumji ya taɓa haska shi? Amma fim ɗin Indiya ya fito yau, jibi an juye shi da Hausar Kano. Mu da ke karatun harshe a Maradi, fassarar wannan ɗan gajeren fim ba ta fi ƙarfinmu ba, kuma da Hausar Gobir da Katsina ya kamata mu yi ta.