Maɓallin zariya ba ya ɗaure buhun wake

Ƴan uwa manoma da masunta na ƙasar Madarumfa, akwai wani ɗan abu na roba da ya yawaita a kasuwanninmu. Ana ganin sa a jikin rigunan sanyi na gwanjo, da jakunkunan ƴan makaranta, da wandunan samari. Girmansa bai wuce ƙwarar goriba ƙarama ba, sau da yawa ma bai kai ba. Yana da rami inda ake zura zariya, yana da kai wanda ake latsawa. A cikinsa akwai ƴar waya nannaɗaɗɗiya. In ka latsa, rami ya buɗe, zariya ta wuce. In ka saki, waya ta tura, ya cije zariya. Mu kira shi maɓallin zariya.

Abu ne mai amfani. Tsohon da yatsunsa ba sa iya kwance ƙulli zai ji daɗinsa. Masunci a tafkin Madarumfa, da jiƙaƙƙen hannu, zai rufe bakin jakarsa da shi cikin sauri. Yana riƙe igiyar malafa ranar iska. Yana rufe ƴar jakar da mai shuka ke rataya da iri. Saboda haka in riga ta mutu, a cire maɓallinta a ajiye. Sa shi ba wuya. A ƙona bakin igiyar leda da ashana don kada ta warware. A latsa, a zura bakuna biyu, sannan a ƙulla ƙarshensu don kada ya zame ya faɗi.

Amma ina da magana a kansa, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Sauƙinsa na iya ruɗin mutum ya kai shi inda ba wurinsa ba. Wuri na farko shi ne bakin buhun wake.

Da yawanmu mun san buhun nan mai riɓi uku, wanda ake kira PICS. Masanan jami'ar Purdue ta Amurka ne suka ƙirƙiro shi. An fara yaɗa shi a Nijar a shekarar 2007, tare da ma'aikatan binciken noma na INRAN da ke Maradi. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Babu magani ko kaɗan a cikinsa. Asirinsa ɗaya ne, wato hana iska shiga. Ƙwaron wake yana numfashi kamar ni da kai. In an toshe buhu, sai ya shanye ƴar iskar da ta rage, ya daina ci, ya daina haihuwa, ya mutu.

To, ka ga ke nan dukan aikin yana ga ɗauri. Maɓallin zariya yana tattara bakin jaka ne kurum. Ba ya matse shi har iska ta kasa wucewa. Ƙarfin ƴar wayar nan bai kai ba. Wanda ya dogara da shi zai buɗe buhu da bazara, lokacin da wake ya yi kuɗi, ya tarar da gari da ƙwari. Buhu mai kilo 100 yana cin wajen tiya 40. Wannan abincin gida ne, da iri, da kuɗin maganin yara.

Ga yadda ake yi. Wake ya bushe sarai, a sheƙe shi. A duba ledojin ko sun huje kafin a zuba. A zuba, a bar wurin ɗauri. A danne ledar ciki iska ta fita, a murɗe bakinta, a lanƙwasa shi, a ɗaure tam da igiya ko da robar tsohuwar tayar keke. Sai a yi wa leda ta biyu haka, ita kaɗai. Sannan a ɗaure buhun waje. Ɗauri uku ke nan, kowane daban. Mai haɗa su ya ɗaure sau ɗaya don gaggawa ya rage wa kansa kariya. A ɗora buhu bisa katako, nesa da bango, saboda ɓera. In leda ta sami ɗan rami, a liƙe da salatif. In ta yage sosai, a sake ta. Buhun waje kuwa basilla da zare sun ishe shi.

Wannan wahala ta fi zuba guba cikin wake, domin waken nan mu da ƴaƴanmu za mu ci shi.

Wuri na biyu shi ne duk igiyar da ke ɗaukar nauyi. Igiyar guga, da ta kayan amalanke, da ta ɗaure dabba, ƙulli suke so. Roba ba ta jure ranar ƙasarmu. Tana bushewa ta fashe, yashi kuma ya cika mata ciki.

Sange fa? Ana iya sa maɓallin a igiyar rataya, don a ɗaga ko a sassauta. Ba laifi. Sai dai abin da sange ya fi bukata shi ne allura. Mu da ke kusa da tafki, da gulbi, da gonakin rani na Jiratawa, mun san sauro. Ramin da yatsa ke shiga, sauro ma zai shiga. A ɗinke shi tun yana ƙarami, ko a tattara wurin a ƙulle da zare. A wanke sange a hankali, a shanya a inuwa, don kada maganin jikinsa ya mutu. A yi haka tun kafin ruwan farko, kada a jira masassarar damina ta shigo gida.

Iyaye mata, ku kuma ga naku. Maɓallin nan ƙarami ne, yana da launi mai jan ido. Yaro mai rarrafe zai kai shi baki, yana iya shaƙe shi. In kun sayi rigar gwanjo ta ƙaramin yaro mai zariya a wuya, ku zare zariyar da maɓallin gaba ɗaya, domin zariya na iya maƙalewa a ƙaya ko a darni ta shaƙe wuya. Waɗanda kuka cire, ku zuba su a gwangwani mai murfi, tare da allura da basilla, ku ajiye a saman da hannun yaro ba ya kaiwa.