Buɗaɗɗiyar wasiƙa kan ledar da ke cika Magiya

Zuwa ga shugabannin gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela, da sarakunanmu iyayen ƙasa.



Masana sun ce mafi yawan sharar da ke ɓata bakin teku daga tudu take fitowa, ruwa ne ke kwasarta. Mu nan ba mu da teku, kuma koramar Magiya ba ta kai tamu sharar nesa. Abin da aka yar a kasuwar Laraba ta Ƙonni, ko a tashar albasa ta Galmi, ruwan farko ne ke share shi zuwa korama. Daga nan wani ya tsaya a madatsun Mozage da Zango, wani ya toshe hanyoyin ban-ruwa na gandun noman Ƙonni mai faɗin hekta 2,452, saura ya gangara tafkin Kalmalo, wajen ƴan'uwanmu na Sakkwato.

Baƙar leda ce kan gaba, sai ledar fiya-wata da robobin lemo. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin akuya. Ku tambayi manomin da ya biya kuɗin ruwa, ruwan bai iso fangalinsa ba.

Doka tana nan: mai lamba 2014-63 ta ranar 5 ga Nuwamba 2014 ta hana ƙera irin wannan leda, da shigo da ita, da sayar da ita. Ƙonni bakin iyaka ce, don haka aiwatar da dokar ya fi sauƙi a wajen duwan, inda kaya ke shigowa buhu-buhu. Ina roƙonku kada a fara da mai ƙosai. Ita ba ta da abin ƙunshi sai wanda ɗan kasuwa ya kawo mata.

A yashe kwalbatoci cikin watan Mayu, kafin damina ta faɗi, a sa ragar ƙarfe a bakin manyan hanyoyin ruwa, a ɗauki mai kwashe abin da ta tare. Kowace kasuwa ta samu amalanke daga kuɗin harajin da ake karɓa a cikinta. Idan aka riƙa sayen ledar fiya-wata a kan kilo, matasa za su tsince ta da kansu.

Malbaza kuwa tana da masana'antar siminti. A ƙasashe da dama ana ƙona robar da aka tace a murhun siminti a madadin wani kaso na gawayi. Ku zauna da injiniyoyinta, su duba ko murhunsu zai iya ɗauka ba tare da hayaƙin ya cutar da mutanen gari ba.

Naku mai biyayya,
Wani ɗan yankin Magiya