Liyafar Bazara a Gesse: Me Ya Sa Muke Tara Komai a Faranti Guda?

A watan Afrilun da ya gabata an gayyace ni cin abincin dare a wani gida da ke Gesse, cikin Birnin Kebbi. Maigidan ya sami ƙarin girma a wurin aiki, sai ya tara abokai kamar goma sha biyu bayan sallar isha'i. Zafin yini bai gama fita daga bango ba, ga shi an ɗauke wuta, janareta na ruri a bayan gida yana juya fanka biyu. Aka miƙo wa kowa faranti guda: dafa-duka a gefe, soyayyar shinkafa a ɗaya gefen, cinyar kaza, alale, kabeji da karas cikin mayonis, sai lemon kwalba. An kashe kuɗi, an kuma yi da zuciya ɗaya. Amma da aka zo kwashe kwanuka na lura rabin abincin ya koma ciki, kuma kafin ƙarfe goma kowa ya soma laluben takalminsa. Washegari mutum biyu daga cikinmu ba su leƙa ofis ba, ciki ya hana su.

Ban kawo wannan don in aibata maigidan ba, domin da ni ne ma abin da zan yi ke nan. Farantin ya zama tufar da duk ma'aikacin da ya isa yake sa wa liyafarsa, daga Legas har Sakkwato. Ra'ayina shi ne tufar ba ta dace da bazarar kwarin Rima ba. Liyafar dare a wannan lokaci ta fi kyau a kawo ta kashi-kashi, kaɗan-kaɗan, kuma kowane kashi ya fito daga abin da fadama da kogi suke bayarwa a watannin.

Jerin abincin lokacin zafi da ake gani a intanet an tsara su ne don Turai da Amurka, inda zafi ke zuwa tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da ganye ya yi yawa kuma yamma ke da sanyin iska. Mu a waɗannan watanni muna tsakiyar damina. Jarrabawarmu ita ce bazara, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ke haye digiri 40 da rana, dare kuma ba ya sauka da sauri. Wanda ya ɗauko jerin Bature ya ɗora a kan Afrilun Kabi ya ari riga ne ba tare da gwada ta ba. Tambayar da ta kamata ita ce, me ke da yawa a kasuwa a lokacin? Ruwa ya janye ya bar kifi a tafkuna da gurabe. Shinkafar rani ta soma shigowa. Albasar Aliero ta cika buhuna. Mangwaro da kankana sun zuba a bakin titi. A rumbu kuma akwai abin da aka shanya tun kaka: kuka, kuɓewa, soborodo, sure, tsamiya.

Akwai kuma batun lafiya, wanda ba a cika son ambatonsa a gaban mai masauki ba. Shinkafar biki akan dafa ta tun azahar, a zuba a kula, a jira baƙi har bayan isha'i. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus wadda irinta ba ya mutuwa da dahuwa. Idan shinkafa ta huce ta zauna a ɗumi sai ta farfaɗo ta zuba guba, kuma sake ɗumama abincin ba ya kashe gubar. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan, a riƙe shi ko dai ƙasa da digiri 5 ko sama da digiri 60. A garin da firiji ke aiki sai wuta ta ga dama, kabejin da aka yanka da la'asar aka cakuɗa da mayonis ba shi da inda zai fake. Kawo abinci kashi-kashi yana rage wannan haɗari, domin abin da ke bukatar wuta yana sauka ne daf da cinsa.

Wani zai ce ai wannan tsarin Turawa ne. Su ma ba da shi suka tashi ba. Har farkon ƙarni na 19 manyan Faransa jera komai suke yi a tebur lokaci guda, kamar dai farantinmu. Kawo abinci ɗaya bayan ɗaya suna kiransa tsarin Rasha, kuma ana danganta shigarsa Faransa ga jakadan Rasha, Alexander Kurakin, wajen 1810. Tun kafin nan da kusan shekara dubu, ana danganta wa Ziryab, mawaƙin da ya isa Ƙurɗuba a 822, jera cin abinci daga romo zuwa nama zuwa kayan zaƙi. Mu kuwa ba mu bukatar ko ɗaya daga cikinsu. Duk wanda ya taɓa sauka a gidan dattijo a Argungu ko Gwandu ya san jerin: ruwan randa tukuna, sannan fura, wadda a nan muke kira hura, sai a bar baƙo ya huta a yi gaisuwa, tuwo ya zo daga baya, goro ya rufe. Abin da muka yi shi ne mun bar jerin a ƙauye, muka ɗauka ba na teburi ba ne.

Ga yadda nake ganin za a tsara wa mutum goma.

A fara da abin sha, tun baƙo bai gama zama ba. A wanke soborodo gwangwani uku, a zuba a ruwa lita huɗu tare da dakakkiyar citta da ƙwayoyin kanumfari kamar goma, a tafasa minti goma sha biyar, a tace. Sukari kaɗan, domin zaƙi mai yawa ƙishirwa yake ƙarawa kuma yana toshe ciki kafin a kai ga tuwo. A yi shi da safe, a sa cikin tulu a inuwa a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Sanyin tulu ya ishi maƙogwaro, kuma ya fi ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba. Wanda ba ya son zobo a jiƙa masa tsamiya.

Na biyu kwaɗon zogale, a ƙaramin kwano, abin da bai wuce loma biyar ko shida ba. A dafa ganyen har ɗacin ya fita, a matse shi sosai. A daka ƙuli-ƙuli da barkono da ɗan gishiri, a yanka albasa da tumatir, a ajiye kowanne daban. Ba a haɗa su sai baƙi sun zauna, sannan a yayyafa man gyaɗa cokali biyu da ruwan lemon tsami. Wannan shi ne salak ɗinmu, kuma ya san zafi, domin ganyen dafaffe ne kuma babu ƙwai ko madara a ciki. Na sha mamakin yadda mutumin da zai sayi kwaɗo a leda a bakin ofis da rana yake jin nauyin ajiye shi a gaban baƙo da dare.

Na uku kifi, kuma a nan ne zan daɗe. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, asalinsa karɓar baƙo ne. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan daɗaɗɗiyar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma abin da Kabawa suka zaɓa su girmama shi da shi shi ne su shiga ruwa da koma da gora su fito da kifi. Jikokin mutanen da suka yi wannan su ne yau suke tarbar babban baƙo da daskararriyar kaza. Kowace shekarar da aka yi bikin muna alfahari da hoton giwan ruwa da aka ciro daga Matan Fada, amma ba ma ganin ta a teburinmu.

A sayi kifin da sassafe, da ransa idan tarwaɗa ce, ko da jan kunne da ido garau idan karfasa ce ko yankan giwan ruwa. A gyara shi nan take, a wanke da lemon tsami, a tsattsaga jikinsa. A daka citta, tafarnuwa, masoro, barkono da gishiri, a kwaɓa da man gyaɗa, a cusa cikin tsagar.  Gawayi ya zama ya ci ya yi toka-toka, ba mai harshen wuta ba. Karfasa matsakaiciya tana son kamar minti takwas zuwa goma a kowane gefe. A kawo ta da yankakkiyar albasa da yaji, rabin kifi ga kowane mutum. Gashin a tsakar gida za a yi shi, inda baƙi ke jin ƙamshi, domin jiran ma wani ɓangare ne na liyafar.

Ya kamata a faɗi cewa kifin ba kamar da ba ne. Tun da aka kammala madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a 1984, ambaliyar da ke cika fadama kowace shekara ta sauya, kuma a cikin wannan ambaliya kifi ke hayayyafa. Masunta sun fi kowa sanin haka. Wannan dalili ne na saye daga hannunsu da daraja, ba dalilin komawa kan kifin kwali ba.

Na huɗu tuwon shinkafa da miyar sure. Jihar Kebbi ta yi suna da shinkafa: a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Nuwamban 2015, a 2016 aka fito da Lake Rice tare da Jihar Legas, a 2017 aka buɗe masana'antar WACOT a Argungu. Duk wannan turarriyar shinkafa ce mai warwara, wadda kasuwar kudu ke so. Shinkafar tuwo daban take: ba a turara ta ba, tana narkewa, tana kama jikinta. Gwangwani shida sun isa, tunda ciki ya riga ya sami abin taɓawa. A jiƙa ta awa ɗaya, a dafa da ruwa mai yawa har ta yi lugub, a tuƙa da muciya, a rufe ta turara, a sake tuƙawa, a kwashe da mara ƙananan malmala. A ɗora tukunyar sa'ad da aka kai kwaɗo, domin tuwon ya iso da tururinsa.

Miyar kuwa, sure shi ne abin da Kano ke kira yakuwa. A jiƙa busasshensa, a tafasa, a zubar da ruwan farko don tsamin ya ragu amma kada ya tafi duka, domin tsamin ne ke buɗe baki a lokacin zafi. A soya albasa da attarugu da daddawa, a tsaida ruwa, a zuba bandar kifi da aka cire wa ƙaya, a kawo dakakkiyar gyaɗa gwangwani ɗaya, a bar ta ta dahu har mai ya taso, sannan sure ya shiga. Man shanu a kai lokacin zubawa. Wanda bai sami sure ba, kuka ba ta taɓa ba mai masauki kunya ba.

Na ƙarshe hura da kindirmo a ƙaramin ƙoƙo, da yankan mangwaro da kankana, sai goro. Na san na saɓa wa jerin dattawa da na mayar da hura ƙarshe. Dalilina shi ne hurar da ake ba matafiyi abinci ce, ta wanda ya sha hanya. Baƙon da ya taho a mota daga unguwar da ke kusa idan ya sha ludayi goma da farko ya gama cin abincin dare.

Akwai ƙorafi biyu da nake ɗauka da muhimmanci. Na farko, wa zai yi aikin? Kashi biyar na nufin kwanuka ninki biyar, kuma mun san a kan wa wanke-wanke ke faɗawa. Idan tsarin zai zama uwargida da 'yan mata suna tsaye a bakin murhu har sha ɗayan dare yayin da maza ke hira a waje, to farantin nan guda ya fi adalci. Amma a duba jerin da kyau: zobo, kayan kwaɗo, miya da hura duk ana gama su kafin azahar, miyar kawai ake maidawa wuta ta tafasa. Abu biyu ne ke son wuta da dare, kuma gashi a ƙasar Hausa aikin maza ne tun asali. Maigidan da ke son a yaba liyafarsa ya naɗe hannun riga ya tsaya kan gawayi, ko ya ɗauko mai gashi ya biya shi, samarin gidan su yi jigilar kwanuka. Matan da aka gayyata a cikin gida kuma a kai masu kowane kashi a lokacin da aka kai wa maza, ba ragowa ba.

Na biyu shi ne tsoron a ce an yi rowa. Wannan tsoro ne ya cika farantinmu har ya zuba, domin a wurinmu yawan abinci shaida ce ta girman baƙo. Ban ce a rage abinci ba. A bar akushin tuwo da kwanon miya a tsakiyar tabarma, mai son ƙari ya miƙa hannu, abin da ya saura a aika wa maƙwabta da zafinsa. Abin da ake ragewa shi ne wanda ake tara wa mutum a gabansa ya jagwalgwala ya bari.

Na gwada wannan a gidana cikin watan Mayu, da mutum tara, a kan tabarmi a tsakar gida. Wani kawuna ya tambaya tun da ya zauna ina hura, da aka ce sai ƙarshe ya girgiza kai ya ce yaran zamani. Kifi biyu sun ƙone a hannuna, domin na tsaya musu kan farashin taki. An ɗauke wuta wajen ƙarfe tara ba wanda ya tashi. Sai sha ɗaya da rabi na raka na ƙarshensu bakin ƙofa, kuma abin da ya rage a akushi malmala biyu ne, waɗanda aka ɗumama da safe.